Shekarar da Kwamfuta Ta Ce Babu Kasuwa

Ni dai takarda na je nema a jami'a. Na shekara tara ina aiki a sashen adana bayanai na wata ma'aikata a Abuja, kullum in fito daga Keffi da sassafe in tsaya bakin titi jiran mota, in dawo da yamma ƙafafuna a kumbure, kuma duk wanda aka ɗauka bayana sai ya wuce ni don yana da digiri na biyu. Shi ya sa na shiga karatun ƙarshen mako a sashen kwamfuta. Da lokacin zaɓen aikin bincike ya yi, na rubuta abin da nake so: shafin duba sakamakon jarrabawa. Mutum uku a ajin da ke gabanmu sun yi irinsa, na san inda zan sami taimako.

Malamar da aka haɗa ni da ita ta karanta, ta kife takardar a kan tebur. Dakta muke ce mata. 'Yar Eggon ce, gajeriya, da furfura a gaban goshi da ba ta damu ta rufe ba. In ta yi sauri takan ce "shi" inda za mu ce "ita", amma ban taɓa jin ta faɗi abin da ba shi take nufi ba. Ta tambaye ni abin da ya fi ba ni wahala a ofis. Na gaya mata gaskiya: an ba ni rajistar kasuwanni daga ƙananan hukumomi uku in haɗa su su zama ɗaya, na yi wata biyu ina fama, don kowace hukuma ta rubuta tata yadda ta ga dama.

"To ga aikinki nan," in ji ta. "Amma ba da haɗawa za ki fara ba. Za ki fara gaya wa kwamfuta irin abubuwan da ke akwai a duniya."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta ce sunan abin ontoloji. Jerin nau'o'in abubuwa ne da yadda suke danganta da juna, a rubuce da ƙa'idojin da na'ura za ta iya bi ba tare da ta yi zato ba. Asibiti na da nasa, gona na da nata. Amma akwai na can sama wanda ba ruwansa da asibiti ko gona, shi ne yake faɗin mene ne abu, mene ne faruwa, mene ne siffa, mene ne wuri da lokaci. Shi ne harsashin ginin, duk sauran a kansa suke zaune. In ya karkace, sai duka su karkace. Shi take so in gina, ƙarami, amma kowace ƙa'ida a rubuce da alamomin lissafi, sannan in gwada shi a kan rajistar kasuwannina.

Na fito daga ofishinta ina gyaɗa kai kamar na gane. Sai da na hau babur na tuna ban ma tambaye ta daga ina ake farawa ba.

Makonnin farko sun yaudare ni, don abin ya zo da sauƙi. Na raba duniya gida biyu kamar yadda takardun da ta ba ni suka nuna. Akwai abin da ke wanzuwa: doya, mutum, rumfa. Yau gaba ɗayansa yana nan, gobe ma gaba ɗayansa yana nan. Akwai kuma abin da ke faruwa: biki, tafiya, ruwan sama. Shi kashi-kashi yake zuwa, farkonsa ya wuce kafin ƙarshensa ya iso. Na rubuta ƙa'ida ta ɗaya cewa babu abin da zai zama duka biyun. Akwai manhajar da ke bin ƙa'idojin tana duba ko sun ci karo da juna. Na danna, ta yi shiru, ba ta sami komai ba. Har na fara tunanin ashe abin ba wuya.

Sai na shigar da kasuwa.

Hukuma ta farko ta rubuta faɗi da tsawon kowace kasuwa da yawan rumfunanta. Na sa kasuwa cikin abin da ke wanzuwa. Hukuma ta biyu ba ta auna komai ba, ta rubuta ranar da kowace take ci, da lokacin da take cika da lokacin da take watsewa. Abin da ke da lokacin farawa da na watsewa ai faruwa ne, don haka na sa ta can ma. Na danna. Kalmar kasuwa ta koma ja, manhajar ta ɗauke ta daga inda na ajiye ta, ta jefa ta ƙarƙashin wani rukuni da ban taɓa lura da shi ba, rukunin abin da ba zai yiwu ya kasance ba.

Na kai wa Dakta ranar Asabar. Ta leƙa ta saman tabarau.

"Ya ce babu kasuwa," ta ce.

"Ma, yanzun nan na biyo ta kasuwa."

"Na sani. Ke kika gaya masa abu biyu da ba za su zauna tare ba. Shi bai taɓa zuwa kasuwa ba, abin da kika faɗa kawai ya sani."

"To wanne zan cire?"

"Kada ki cire komai. Mutanen nan duka gaskiya suka rubuta." Ta miƙo mini kwamfutata. "Ki zaɓi kasuwa ɗaya daga cikin jerin nan, ki je ki gan ta ranar da ba ta ci."

Akwai ɗaya a jerin da na sani tun ina yarinya, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gitata. Can aka haifi mahaifiyata. A can ta yi tallan man gyaɗa kafin aure ya kawo ta Keffi. Da na ce mata zan je, ta ce za ta bi ni ta gaida 'yan uwa, ta daɗe ba ta je ba. Ba ta tambaye ni me zan yi a kasuwar da ba ta ci ba, ni ma na ji daɗi, don ba ni da amsa.

Damina ce, an yi ruwa da safe. Motar ta sauke mu a bakin titi, gaban wasu layukan rumfunan kwano da babu kowa a ciki sai awaki sun fake. A ƙarshen layi wata mata tana gasa masara. Na gaishe ta, na ce, "Baiwar Allah, ina ne kasuwa?"

"Ga ki a cikinta," ta ce, tana juya masara. "Amma yau babu kasuwa. Sai jibi."

Na tsaya ina kallonta. A numfashi ɗaya ta faɗi abin da ya sa kwamfutata ta yi ja, kuma ko a jikinta. Na fito da littafi na rubuta maganarta kalma da kalma. Ta dubi Inna, alamar tambaya ko lafiyata ƙalau. Inna ta ce, "'Yar makaranta ce," matar ta ce, "Allah sarki."

Muna shiga cikin gari Inna ta bar hanya ta bi wata 'yar siririya ta cikin ciyawa. Na bi ta. Muka fito wani fili da aka shuka rogo, da wata tsohuwar ɗorawa a tsakiya. Ta tsaya ta nuna da haɓa.

"Nan ce kasuwa."

"Inna, ai waccan ce ta bakin titi."

"Waccan da aka yi kwalta aka kai ta can. Nan nake zama, daidai saiwar nan. Mahauta suna can, masu tukwane suna ta gabas." Ta dubi shukar. "Rogon ma bai yi kyau ba. Ƙasar ta sha taku."

A mota muna dawowa na buɗe rajistar hukuma ta uku a wayata. Ita ce ta fi rikita ni tun farko, don tana da wani layi da sauran ba su da shi: shekarar da kasuwa ta tashi daga tsohon wurinta. In kasuwa fili ce, fili ba ya tashi, ga shi can na gan shi da rogo a kai. In kuma cin da ake yi ranar kasuwa ne, na makon jiya ya riga ya wuce, ba za a ɗauke shi a kai bakin titi ba. To mene ne aka kai? Na zo da matsala mai kai biyu, na koma da mai kai uku.

Na raba kalmar uku. Filin kasuwa, abu mai wanzuwa. Cin kasuwa, abu mai faruwa. Waɗannan biyun suka zauna lafiya, jan ya tafi. Na ukun, wanda ke da suna da sarki da rana, wanda ake cewa ya tashi ko ya mutu, na rasa inda zan sa shi. Ba a taɓa shi da hannu, amma yana daɗewa. Bayan mako biyu na yanke cewa siffa ce. Kamar yadda riga take fara, haka fili yake kasuwa. Na rubuta, na ji kamar na sauke kaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga gaida Kawu, yayan Inna. Malami ne, yana karantar da tauhidi da fiƙihu a zaurensa tun kafin a haife ni, kuma yana da shagon sayar da yadi da ɗansa ke tsaro. "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya tambayi karatu. Na so in ce lafiya lau in wuce, amma sai na ji bakina yana ba shi labari, ina tsammanin zai ce Allah ya taimaka.

Ya ajiye carbinsa. "Wato jauhari da aradi ake koya muku."

Na ɗauka aradu ya ce. Ya yi murmushi ya maimaita. Jauhari, in ji shi, shi ne abin da ke tsaye da kansa, yana cin wuri. Aradi shi ne abin da ba ya tsayuwa sai a jikin wani, kamar fari da baƙi, motsi da tsayawa. Ya ce sun haddace wannan suna samari, malaminsu yana riƙe da bulala. Na ji wani irin sanyi a raina. Wata uku ina ganin kamar ni kaɗai ce a Keffi aka ɗora wa wannan wahala, ashe gida uku tsakaninmu da wanda ya san ta shekara hamsin.

Na ce, "To Kawu, ni na sa kasuwa a aradi. Siffar fili ce."

"Kin ce kuma ta tashi ta koma bakin titi?"

"E."

Ya kama hannun rigarsa ya ɗaga. "Uwata, farin nan zai iya barin rigar nan ya koma kan taki?"

"A'a."

"Ko an rina taki ta zama fara, farinki daban, nawa daban. Aradi ba ya ƙaura. Wannan tun a darasin farko ake faɗa."

"To mece ce ita?"

"Ba mu karanta kasuwa ba," ya ce. "Mu abin da ya kai mu wannan magana shi ne mu san cewa duniya fararriya ce, tana da Mai yin ta. Da muka kai nan muka tsaya. Ku da kuke son ku sa wa kowane abu gurbi, sai ku yi haƙuri da abin da kuka tono." Sannan ya tambaye ni ko Inna ta sami wake a ƙauye.

Washegari na faɗa wa Dakta. Ta miƙe zaune sosai, ta sa na maimaita kalmomin biyu, ta rubuta su a bayan wata takarda. Sai ta jawo ɗaya daga cikin kwafin da ta ba ni tun farko, ta buɗe wani shafi, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya na alamomi. Ƙa'idar Kawu ce, ba ragi ba ƙari: siffar da ke jikin abu ɗaya ba ta komawa jikin wani. Na karanta shafin nan ya fi sau biyar ban gane abin da yake faɗa ba.

"Kawunki yana da gaskiya," ta ce. "Ki goge."

"Ma, ku biyu kun yarda da juna, ni kuma kun bar ni ba ni da komai."

"Haka ne."

A wannan watan na yi niyyar bari. Na rubuta takardar neman canjin mai duba aiki, na yi yawo da ita a jaka kwana goma. Abin ya fara bina har wajen aiki. A mota in ga cunkoso a hanya in ce wannan abu ne ko faruwa ne. Abokiyar aikina ta ce ofishinmu zai koma sabon gini, na tambaye ta wane ne zai koma, mu ko ofishin, ta ce in sha magani. Mijina ya ce tunda na fara karatun nan ba a yi mini tambaya in amsa kai tsaye. Ban kai takardar ba. Ba don ƙarfin hali ba, sai don ranar da na je kaiwa sakataren sashen ya tafi jana'iza, ofishin a kulle.

Mafitar da na samu daga baya ba a littafi na fara ganinta ba. Ƙungiyar matan unguwarmu ce ta yi taro, aka tashi karanta sunayen waɗanda suka kafa ta, sai ga shi babu ko ɗaya da ta rage a ciki, wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Amma ba wanda ya ce wata ƙungiya ce daban. Tana bukatar mutane, sai dai ba lallai waɗannan mutanen ba. Na koma gida na rubuta rukuni sabo: abin da ba ya tsayuwa da kansa, amma ba a ɗaure yake da abu guda ba, muddin a kowane lokaci akwai masu ɗauke da shi. Na sa kasuwa ta ukun nan, mai suna da sarki da rana, a ciki. Tana da fili a kowane lokaci, filin yana iya canjawa. Tana ci a ranakunta. Na danna, babu ja.

Dakta ta ce masana sun daɗe da sanin wannan rukuni, yana shafi na gaba da wanda ta nuna mini, ta bari ne in iso da ƙafata. Ban san ko in yi godiya ko in yi fushi ba. Kafin in zaɓa ta ƙara wata.

"Saura ƙa'ida ɗaya. Yaya na'ura za ta san kasuwa biyu a takarda kasuwa ɗaya ce? Me zai canja ta zama wata?"

Na rubuta cewa in suna ɗaya ne, rana ɗaya, sarautar kasuwa kuma ba ta yanke ba, to ita ce. Da wannan, ta gindin ɗorawa da ta bakin titi ɗaya ce. Na ji daɗin ƙa'idar har na karanta wa Inna da Hausa, tana tsince shinkafa a tsakar gida.

Ba ta ɗago ba. "Ba ita ba ce."

"Inna, sunan ɗaya ne. Sarkin kasuwar ma jikan wancan ne."

"Na san kakansa. Ba ita ba ce." Ta watsar da tsakuwa. "Tamu ta mutanen gari ce. Ki kawo mai, ki koma da gishiri, ki ji wa ya haihu wa ya rasu. Ta yanzu ta masu mota ce. Su zo su kwashi doya su wuce, ba su san sunan kowa ba. Tamu ta mutu, aka ba wata sunanta. Ke ma ai sunan kakarki gare ki."

Na koma kan rajistar. Hukumar da ke da layin tashi ta rubuta ta a matsayin kasuwa ɗaya da ta ƙaura. Amma ƙauyen yana kusa da iyaka, kuma hukumar da ke maƙwabtaka ita ma ta sa ta a jerinta, sau biyu: tsohuwa, an rufe, sabuwa, tana ci. Wani ma'aikaci da ban sani ba ya yarda da Inna.

Na tambayi Dakta wa ke da gaskiya. A karon farko na ga ta cire tabarau ta murza ido.

"Ban sani ba," ta ce. "Cocinmu na ƙauye ya rabu biyu ina yarinya, har yau kowane ɓangare yana cewa shi ne na asali. Babana ya rasu yana cewa ɗaya, mamana tana zuwa ɗayan." Ta mayar da tabarau. "Harsashinki ya faɗi irin abin da kasuwa take. Wannan ya isa. Kada ki sa shi ya yanke wa mamanki hukunci."

Don haka na cire ƙa'idar daga sama. Na bar gurbi a ƙasa inda za a rubuta cewa wannan da waccan ɗaya ne a wurin wane, biyu ne a wurin wane. Na ji kamar na share ɗaki na tura sharar ƙarƙashin gado. Dakta ta ce ba haka ba ne, sanin inda harsashi ya ƙare yana cikin gina shi. Har yau wani lokaci ina yarda da ita, wani lokaci ba na yarda.

Ranar da na tsaya gaban malamai kare aikina, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya fi damuwa da yadda na jera sunayen littattafai a ƙarshe. Ya yi mini tambaya biyu a kan alamomin, na amsa ɗaya daidai, ɗayar kuma sai da Dakta ta yi tari sannan na gyara. Aka ce na ci. 'Yan ajinmu suna ɗaukar hoto a waje, ni ina tsaye da kundin a hannu ina jin kamar na wani ne aka ba ni riƙo.

Bayan wata ɗaya na haɗa rajistar uku a ofis. Aikin da ya gagare ni wata biyu ya ɗauki yini ɗaya da rabi. Na kai wa shugaban sashenmu, ya yaba, ya juya shafuka, sannan ya ce, "To kasuwanni nawa ne duka? Ana jira a sama."

Na ba shi lamba biyu. Na ce ya danganta da ko kasuwar da ta tashi ita ce ko wata ce, kuma akwai irin wannan guda bakwai.

"Madam, akwati ɗaya ne a fom ɗin."

"Na gani, yallaɓai."

"To wacce ce daidai?"

Na buɗe baki zan yi bayani, na ga yana duba agogo. Na ce masa ban sani ba. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya zaɓi babbar ya rubuta a akwatin, ya sa hannu. Ya ce in tura kafin ƙarfe huɗu, na koma kujerata na tura.